Kwalaben Kwatar Sabo

Litinin, 13 ga Maris, 1967

Yau Mista Ibekwe, shugabana a ɗakin gwaje-gwaje, ya damƙa mini aikin bana: keke, akwatin katako cike da kwalabe, ƙaramin guga da igiya, da rigar ruwa wadda ta fi ni tsawo. Duk sanda aka yi ruwa da rana zan bi manyan kwatoci uku da ke gangarawa rafin Ogunpa, ta Mokola, ta Ekotedo, da tamu ta Sabo, in ɗebo ruwan da ke gudu a ciki. Ana so a san nauyin dattin da kowacce ke kai wa rafi a shekara.

Da Hausa ya yi mini bayani. A Gusau aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa, abin kunya. Ya ce za a tace ruwan kowace kwalba da takarda, a shanya takardar, a auna abin da ya maƙale. Daga nan a san dattin galan guda. Sai a duba ma'aunin ruwan sama na shekara, a duba faɗin unguwar, a cire rabon da ƙasa ke shanyewa, abin da ya rage shi ne ya bi kwata. A ninka wannan da wancan, shi ke nan. Na gane tun kafin ya ƙarasa, amma na bar shi ya ƙarasa.

Inna da ta ga akwatin cewa ta yi, "Ɗanbaba, duk karatun nan ashe a kwata za a ƙare." Goggo Halimatu, yayar mahaifina, ta yi ta dariya har da tari. Na shige da akwatin ɗaki.

Talata, 21 ga Maris

Sallah babba. Rago ɗaya, na ba da fatar masallaci. Zafi kamar a gasa mutum, ko alamar hadari babu.

Juma'a, 24 ga Maris

Ruwan farko, bayan an sauko daga masallaci. Na fara da Mokola, na bi Ekotedo, na ƙare a bakin kwalbatin da ke ƙasan layinmu. Abin da na jawo a guga ban san sunansa ba. Jinin layya, abin cikin tumbi, gashi, toka, da sharar rani kaf. Sai da na ɗaure hanci da hankici. Wani mahauci da ya fake a rumfa ya tambaye ni ko magani zan haɗa.

Talata, 28 ga Maris

Sakamako ya fito. Kwalbar Sabo sau uku ana canja mata takarda saboda toshewa. Ta ninka ta Mokola. Wani akawu ya leƙo ya ce da Yarbanci ai ruwan Gambari ne, wato na Hausawa, dole ya yi kauri. Na mayar masa da Yarbancin da ya fi nasa daɗi, aka yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai har gida.

Mista Ibekwe bai yi dariya ba. Ya ce kwalba ɗaya ba shekara ba ce, balle ta bayan layya. Sai mun tara na damina gaba ɗaya mu ɗauki tsaka-tsaki.

Alhamis, 6 ga Afrilu

Alhaji Iliyasu mai unguwa ya tsayar da ni bayan la'asar. Wai ya ji cewa kwatar da ta fi datti ita za a fara faɗaɗawa a shafe da siminti, kuma duk gidan da ke jingine da ita za a ɗebe shi. Ya ce, "Mahmuda, kai ke cikin ofishin, gaskiya ne?" Na ce ban sani ba, kuma da gaske ban sani ba.

Gidanmu bayansa a kan kwatar yake. Katangar da madafar Inna da ɗakin Goggo suka jingina da ita, in ka leƙa ta kanta ruwan kwata za ka gani. Baba ne ya gina da hannunsa kafin a haife ni. Takardar fili kuwa babu mai ita a layin nan, kowa da izinin baka ya zauna.

Juma'a, 7 ga Afrilu

Na tambayi Mista Ibekwe. Gaskiya ne. Ya ce shi awo ya sani, rusau ba teburinsa ba ne.

Laraba, 12 ga Afrilu

An yi ruwa da hantsi. Yau a Sabo na fara, don haka ina tsaye a kwalbati aka soma yayyafi, na ga abin da nake gani tun ina yaro amma ban taɓa kallonsa ba. Ɗigon farko na sauka, rariyoyin gidaje suka fara amai. Kowane gida da ramin nan nasa a gindin katanga, kowanne da launinsa: na gidanmu fari saboda ruwan gasara, na gidan mai ƙosai mai maiƙo, wani toka, wani kashin awaki. Ruwan sama bai kai ga wanke ƙasa ba, kwata ta riga ta cika.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Matan layin yawancinsu ba sa fita, mazan suna kara ko rumfar goro tun safe, juji kuma yana can bayan Mokola. Sai a tara shara a kusurwa a jira hadari. Da ya haɗo a tura ta bakin rariya, ruwa ya kai musu. Tun kafin a haife ni haka ake yi.

Lahadi, 16 ga Afrilu

Na yi wa Inna wa'azi. Tana tace gasara, ina tsaye a kanta da hannu a aljihu. Na ce dattin nan da zai sa a rushe mu daga rariyarta yake fitowa, da ta maƙwabta. Ta ce, "To ina zan kai shi, cikin ɗaki?" Na ce wannan ba matsalar ofis ba ce. Maganar ta fita da kaifi fiye da yadda na yi nufi.

Ta ƙara ruwa a gasarar. Can ta tambaya, "Wato abin da ka ɗeba a kwalba kaɗai suke gani?" Na ce e. "Wanda ya wuce bayan ka tafi fa?" Na ce wannan lissafi ne ke cike shi. Ta ce to, ta ci gaba da tatarta.

Alhamis, 27 ga Afrilu

Mura. Rigar ruwan nan ta kafaɗa take yoyo.

Talata, 9 ga Mayu

Kwalaben Sabo sun fara yin haske. Na makon jiya takarda ɗaya ta ishe su, na yau har ana hango yatsa ta cikin kwalbar. Mista Ibekwe ya ɗaga ta sama ya juya, ya dube ni, ya ce, "Mutanenka sun tuba ne?" Na ce na yi musu magana. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ashe in mai ilimi ya yi magana ana ji.

Wata al'ada da na ɗauka: in na gama ɗiba na shigo layi sai in yi ta kaɗa ƙararrawar keke tun daga kwalbati, don Inna ta ji ta ɗora mini ruwan wanka. Goggo ta ce kamar mai tallan burodi.

Juma'a, 26 ga Mayu

Garin ba daɗi. Kowa kunnensa a rediyo. A masallaci liman ya tsawaita addu'a. Wasu 'yan goro sun fara tura iyalinsu gida, ko da yake ni ban san wane gida za a tura ni ba, a Sabo aka yanke mini cibiya. Kano sau ɗaya na je, can ma Bayarabe suke kirana.

Laraba, 31 ga Mayu

Mista Ibekwe ya tafi Gabas. Jiya aka yi sanarwar ɓallewar yankinsu daga Najeriya, yau da safe na tarar yana haɗa kayan teburinsa a kwali. Matarsa da yara sun yi gaba tun makon jiya. Na ɗaukar masa kwalin zuwa bakin titi.

Ya tafi sau ɗaya daga Gusau bara lokacin rikicin Arewa, yanzu ga na biyu. Ban san me ake ce wa mutum ba a irin wannan, sai na ce Allah ya kiyaye hanya. Ya ce amin. Da motar ta tsaya ya juyo ya ce, "Mahmuda, kwalbar da ka yi shakkarta, zubar da ita. Gara ka rasa lamba da ka rubuta ta banza." Ko a wannan hali zancen kwalba yake. Na ji kewarsa tun motar ba ta sha kwana ba.

Litinin, 5 ga Yuni

An kawo Mista Oyelese a madadinsa. Mutumin kirki ne, amma aikin mutum uku aka jibga masa. Ya duba teburin awona sama-sama ya ce eku ishe, wato sannu da aiki, in ci gaba kamar yadda nake. Tacewa da aunawa duk sun dawo hannuna.

Alhamis, 22 ga Yuni

Ruwa kwana biyu a jere. Sabo yanzu ita ce ta uku a datti, Mokola ta ɗaya. Inna tana ciwon baya, ƙafafunta sun yi fari-fari tsakanin yatsu kamar mai aikin fadama. Na ce ta rage wanke gero, ta ce to.

Juma'a, 7 ga Yuli

An fara yaƙi.

Laraba, 12 ga Yuli

Ban san ta inda zan fara ba.

Tayar baya ta yi faci ina gama ɗiba a kwalbati, sai na turo keken da hannu. Hannuna biyu a kan akwati da kan keke, ban kaɗa ƙararrawa ba. Ana tsuga ruwa. Na lura layin ya yi tsit, babu rariyar da ke zuba, ko ɗaya. Na shiga zaure na tura ƙofa, ruwa ya kwararo mini a ƙafa.

Tsakar gidanmu ta zama tafki, ruwa har ƙwauri. An ɗora tukwane a kan turmi, kaji a kan katanga. Inna na tsaye a tsakiya ta ɗaure zani a gwiwa, Goggo na zaune a kan tsani da laima. Bakin rariya an cusa masa tsohon buhu an liƙe da laka an danne da dutsen niƙa. Kafin wani ya yi magana sai muryar matar maƙwabcinmu ta tsallako katanga: "Inna Hadiza, ya wuce ne? Ba mu ji ƙararrawa ba, ruwa zai shiga mana ɗaki."

Inna ta dube ni, ta ɗaga murya ta ce, "Ya wuce, ku buɗe." Na ji saƙon yana tafiya daga katanga zuwa katanga har ƙarshen layi. Ta janye dutsen, ta fizge buhun. Duk abin da ya kamata ya shiga kwalbata na tsaya ina kallo yana fita.

Alhamis, 13 ga Yuli

Tun ƙarshen Afrilu suke yi. Gida ashirin da wani abu. Da hadari ya haɗo a toshe, in an ji ƙararrawata a buɗe. Ni kuma ina can ina gaya wa Mista Ibekwe na yi musu magana.

Na yi faɗa sosai. Na ce wannan ha'inci ne, kuma sunana ne a kan takardar. Inna ta ce, "Mun taɓa kwalbarka? Mun ce ka rubuta abin da ba ka gani ba? Ruwanmu ne, a gidanmu muka tsare shi." Na ce katangar ƙasa ce, ba a jiƙa mata gindi haka. Goggo ta ce ta girme ni da sanin katanga. Na ce su daina. Inna ta ce to. Na san wannan to ɗin, irin ta ciwon baya ce.

Lahadi, 23 ga Yuli

Na sami Alhaji Iliyasu. Ya saurare ni yana jan carbi, ya ce shi maganar cikin gida ba ya shiga, ta mata ce. Na ga alama ya fi ni sanin zancen.

Sau biyu a makon nan na tsaya a ƙofar Mista Oyelese. Na farko yana waya. Na biyu ba ya komai, ni ne na wuce.

An yi ruwa ranar Alhamis. Na fara da Sabo, na ɗeba da sauri, na bi layi ina kaɗa ƙararrawa kafin in wuce Mokola. In ban kaɗa ba ba za su buɗe ba, to me zan yi? Na sa wa kwalaben ƙaramin ɗigo da fensir a gefen lamba, don in san su.

Alhamis, 10 ga Agusta

Ruwa ya ɗauke kamar yadda yakan yi a Agusta. Na huta, katanga ma ta huta. Gindinta ya yi laushi, in ka danna da babban yatsa yana shiga. Na yi niyyar a yi mata yaɓe kafin ruwan Satumba.

Talata, 22 ga Agusta

An ce sojojin Gabas sun iso Ore. Ore! Tafiyar yini ba ta kai ba. Motoci cike da kaya suna ta wucewa Ojoo, hanyar Arewa. An kafa shingaye a gari, an hana kunna fitila a waje. Maginin da na yi wa maganar yaɓe ya bi motar shanu ya tafi.

Na tambayi Inna ko mu ma mu ɗan matsa zuwa Ilorin. Ta ce wanda ya bar gida a irin wannan lokaci ya dawo ya tarar da wani a ciki. Ta ci gaba da dama kokonta, masu saye ma ba su ragu ba.

Juma'a, 1 ga Satumba

An ce an kora su baya. Hadari ya dawo.

Laraba, 20 ga Satumba

Jiya ban iya rubutu ba.

Ina ofis hadari ya taso wajen azahar, baƙi ƙirin daga gabas. Na ɗauki akwati na hau keke. A shataletalen Mokola sojojin shinge suka tsayar da ni. Sababbi ne, ba waɗanda suka san ni ba. Kwalabe, igiya, guga, ga lambobi a jiki. Ɗaya ya ce guba zan zuba a ruwan gari. Na yi Turanci, na yi Yarbanci, na yi Hausa, yawan harsunan ma ya ƙara musu zargi. Suka zaunar da ni a ƙarƙashin tanti sai babbansu ya zo.

Aka kece da ruwa, irin wanda ban gani ba bana. Ina zaune ina kallon titi ya zama kogi, ba abin da ke raina sai buhun nan da dutsen niƙa. Na roƙi kofur ɗin ya bar ni in je in dawo, na ce ya riƙe akwatin, ya riƙe katin aikina. Ya ce me zan yi a Sabo da gaggawa haka? Na ce ƙararrawa zan kaɗa. Ya dube ni kamar mahaukaci, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai bayan la'asar babban ya zo, ya shinshina kwalba ɗaya ya ce in tafi. Tun daga bakin layi nake kaɗawa. Ba amfani. Wasu gidajen sun gaji sun buɗe da kansu, Inna ba ta buɗe ba, don ita ta kawo shawarar, ta ce ba za ta zama ta farkon karyawa ba. Katangar baya ta zauna. Ta tafi da madafa da rabin ɗakin Goggo, ta faɗa cikin kwata. Gida huɗu a layin haka ta same su.

Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Azara ta faɗo wa Goggo a ƙugu. Mun kai ta asibiti a motar Alhaji Iliyasu. Karaya ce.

Alhamis, 21 ga Satumba

Daga tsakar gidanmu yanzu ana ganin mutanen da ke wucewa a ƙetaren kwata. Mun kafa tabarmi da zana. Inna ta haɗa murhu a zaure. 

Lahadi, 24 ga Satumba

Na kai wa Goggo kunu. Likita ya ce a shekarunta da wuya ta sake tafiya ba sanda. Na zauna a gefen gado na fara cewa ai na faɗa, sai na haɗiye. Ita ta ƙarasa mini.

Ta ce, "Ka faɗa, mun ji. Kana tsammani ba mu san ruwa na cin katanga ba? Na ga katanga ta faɗi tun ubanka yana tsirara. Wadda ruwa ya kayar, in rani ya yi sai a kwaɓa ƙasa a tayar, ba mai hana ka. Wadda hukuma ta kayar, ko bulo ɗaya ka ɗora sai a kama ka. Mun auna ne muka zaɓa." Sannan ta ce kunun ba sukari.

Na fito na tsaya a barandar asibitin na daɗe. Haushi nake ji, ban san na wa ba.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Ruwa biyu a makon nan. Ba wanda ya toshe komai, rabin rariyoyin ma babu katangar da za su zauna a ciki. Kwalaben sun yi kauri da jar ƙasa. Ƙasar ɗakin Goggo ce nake tacewa ina aunawa.

Talata, 17 ga Oktoba

An sallamo Goggo. Ta koma ɗakina, ni na koma zaure wajen murhu. Duk kayana warin hayaƙi suke.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Damina ta ƙare. Mista Oyelese ya ce in haɗa lissafin shekara in kawo masa ranar Alhamis ta sama.

Na yi shi iri biyu. In na zubar da kwalabe masu ɗigon fensir, da na Mayu da Yuni waɗanda yanzu na san yadda aka yi suka yi haske, abin da ya rage wa Sabo shi ne na bayan layya, na Afrilu, da na Oktoba. Da su Sabo ce ta ɗaya, da nisa. In na bar su duka, Sabo ta uku, Mokola ta ɗaya.

Na gaya wa kaina na layya ma ai ba gaskiyar shekara ba ne, na Oktoba kuma katanga ce ba shara ba. Waɗancan sun yi sama, waɗannan sun yi ƙasa, wataƙila a tsakiya aka haɗu. Na san abin da Mista Ibekwe zai ce game da wannan wataƙila. Ko yana raye ma, Allah masani, an ce an yi ɓarin wuta a garinsu.

Talata, 7 ga Nuwamba

Inna ta tambaye ni yaushe za a kai takarda. Na ce mako mai zuwa. Ta ce Allah ya yi jagora. Ba ta roƙe ni komai ba, da ta roƙa da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Na kai. Mista Oyelese ya bi lambobin da bakin biro, ya ce aikin ya yi tsabta. Ya tambaya ko akwai wata kwalba da nake da magana a kanta. Na ce ta ranar sha tara ga Satumba babu, sojoji sun tsare ni. Ya ce wannan ya sani. Ya sa hannu.

Fensir ne, ɗigon bai yi wuyar gogewa ba.

Litinin, 27 ga Nuwamba

Maginin ya dawo daga Arewa. Mun fara kwaɓa ƙasa, gida huɗun nan aikin gayya muke yi. Hannuna duk ya yi kanta. Alhaji Iliyasu ya zo ya dafa kafaɗata a gaban mutane ya ce Sabo ta haifi ɗa. Na sunkuya na ci gaba da cuɗa ƙasa.

Alhamis, 14 ga Disamba

Azumi. Katanga ta kai kafaɗa. Goggo ta taka daga ɗaki zuwa bakin zaure da sanda, ta zagi maginin wai ya karkata, wato ta samu sauƙi.

Ranar Litinin an bi kwatar Mokola da jan fenti, alamar rusau. Ban ƙirga gidajen ba. Akwai wata tsohuwa mai sayar da amala a bakin gadar, duk daminar nan in na je ɗiba takan matsar mini da bencinta in ajiye akwati. Na ga an shafa a ƙofarta. Tana zaune a waje da jikokinta, ta ɗaga mini hannu, ta ce eku ishe, akowe, wato sannu da aiki, akawu.

Tun ranar Talata ta Adamasingba nake bi zuwa ofis. Ta fi nisa, amma babu hawa, kuma da azumi a baki hawan Mokola wahala ne. Ba don komai ba.